ƊAGA ƘAFAR JIF: KADA GARIN GYARAN GIRA A RASA IDO

Daga Wakilinmu

Duk wanda ke bin hanyar Abuja zuwa Kano, ko ta Legas zuwa Ibadan, ba zai rasa ganinsu ba: manyan jif da a-kori-kura waɗanda aka ɗaga ƙafarsu sama, aka sa musu ƙattan tayoyi, har sai direba ya kama ƙofa ya yunƙura kafin ya hau. Abin ya zama yayi. Mutum ya sayi Hilux ko Prado, kafin ya gama biyan kuɗin lamba abokai sun fara zuga shi, wai mota irin wannan ba ta cika mota ba sai an ƙara mata tsawo.

To, akwai masu bukatar wannan aiki da gaske, kamar manomin da gonarsa ke bayan rafi, da ma'aikacin lafiyar da ke kai allurar rigakafi ƙauyuka da damina. Amma yawancin masu irin waɗannan motoci a kan kwalta suke wuni. Ƙauye kuwa sai da salla, ko biki, ko ta'aziyya. Da su ne muke magana a wannan mako, domin abin da ake ƙara wa mota saboda tafiyar kwana goma a shekara, shi za ta yi ta ɗauka a sauran kwanakin duka, tana gudun kilomita 100 a sa'a da iyali a ciki.

ABIN DA AKE SAMU

Ba za a ce ɗaga mota ba shi da amfani ba. In an ɗaga ta, cikinta yakan nisanci ƙasa, hancinta ya daina tokarar gaɓar kwazazzabo in za a hau, bamban baya kuma ya daina jan ƙasa in an sauko. Sa'an nan akan sami wurin sa taya mai girma.

Amma akwai abin da masu sayar da kayan ba su cika faɗi ba. A motar da ke da aksul guda mai haɗa ƙafafu biyu, watau irin na bayan Hilux da Prado, ko na gaba da bayan Land Cruiser samfurin 70, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tukunyar nan ta tsakiyar aksul. Ita kuwa a kan taya take zaune, ba a kan sifirin ba. Ko an ɗaga mota kamu guda, tukunyar tana nan inda take, kuma ita ce za ta fara dukan dutse. Babu abin da ke ɗaga ta sai taya, shi ma da rabin abin da tsayinsa ya ƙaru. Wanda ya cire taya mai lamba 265/65R17 ya sa 285/70R17 ya ƙara wa tayar tsayin santimita 5 da rabi, amma abin da tukunyar ta samu bai kai santimita 3 ba.

Haka kuma ba kowace muguwar hanya ce tsawo ke maganinta ba. A rairayi irin na wajen Yusufari ko hanyar Agadas, rage iskar taya ya fi ɗaga mota amfani nesa ba kusa ba. A ruwa kuwa, abin tsoro shi ne inda inji ke shaƙar iska.

ABIN DA AKE RASAWA

Kowa ya san gingimarin da aka yi wa lodin auduga har ya wuce bodi, yadda take tangaɗi in ta zo kwana, alhali wadda ta ɗauko siminti, ko da ta fi ta nauyi, zaune take daram. Bambancin yana ga inda nauyin ya taru. Masana suna kiran wurin cibiyar nauyi, kuma iyakar nisanta da ƙasa iyakar sauƙin kifewar mota.

Akwai lissafi mai sauƙi a kan wannan, wanda hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fara auna sababbin motoci da shi a 2001. Ana ɗaukar faɗin da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. In amsar ta yi yawa motar tana da wuyar kifewa. Ƙananan motoci sukan sami 1.3 zuwa 1.5, jif da a-kori-kura kuwa yawanci tsakanin 1.0 da 1.3 suke. Watau tun daga masana'anta jif ba ta da rara mai yawa.

Bari mu buga misali da mota mai faɗin santimita 154, cibiyar nauyinta kuma tana santimita 70 daga ƙasa. Amsarta 1.10 ke nan. In aka ɗaga ta cibiyar ta hau da santimita 4, amsar ta koma 1.04. In aka yi babbar ɗagawa, aka haɗa da ƙaton taya, cibiyar ta hau da santimita 10, sai ta faɗo 0.96. Ba mu ma sa lissafin jarkokin mai da buhunan da ake ɗaurewa a kan kariya ba, da fasinja bakwai a ciki, waɗanda duk sama suke ƙara tura cibiyar.

A tafiya miƙaƙƙiya direba ba zai ji kome ba. Ranar da abin ke bayyana ita ce ranar da saniya ta faɗo titi, ko ɗan acaɓa ya gitta, ko rami ya ɓullo bayan kwana, ko taya ta fashe da zafin rana, direba ya fizgi sitiyari dama ya mayar hagu. A ƙasar Suwidin akwai mujallar motoci mai suna Teknikens Värld da ke gwada motoci da irin wannan kauce-wa ta gaggawa. A 1997 wata ƙaramar Marsandi, A-Class, mai ɗan tsawo, ta kife a gwajin, sai da kamfanin ya janye ta ya rage mata tsawo, ya sa mata na'urar hana santsi. A 2016 kuma Hilux sabuwa fil, wadda ba wanda ya taɓa ƙafarta, ta ɗaga tayoyi biyu sama a gudun da bai wuce kimanin kilomita 60 a sa'a ba, daga baya kamfanin ya gyara saitin na'urarta. To, in wadda injiniyoyi suka auna ta yi haka, ina ga wadda aka ƙara wa inci huɗu a bakin titi? Mai karatu ya tuna da gangaren Hawan Kibo, ko kwanonin hawa Mambila.

Ita ma na'urar hana santsin, wadda motocin zamani ke zuwa da ita, da tsayin motar na asali da girman tayarta aka saita ta. Iyakar nisan da aka yi da wannan awo, iyakar raguwar tabbacin za ta yi aikinta daidai ranar bukata.

Akwai kuma asarar yau da kullum. Tayar nan da muka ambata ta fi ta asali da kashi 7 cikin 100, saboda haka in maleji ya nuna 100, motar tana gudun 107 ne, ta wuce iyakar da dokar hanya ta yanka wa motar gida a babban titi. Babbar taya tana da nauyi, birki yakan ƙara nisa kafin ya tsai da ita, giya takan yi sanyi a hawa. Doguwar mota tana kokawa da iska, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a 2023 ba mai wasa da lita guda. A motar da kowace ƙafar gabanta ke motsi ita kaɗai, kamar Hilux na zamani da Prado, ɗagawa takan karkatar da sandunan da ke juya tayoyin gaba, robarsu ta yage, boljoyin ya ci da wuri, taya ta riƙa cinyewa gefe guda.

Kada kuma a manta da haƙƙin sauran jama'a. Fitilar motar da aka ɗaga, in ba a sake saita ta ba, cikin idon mai tahowa take haskawa. Bambanta kuma ya wuce ƙarfen da aka sa wa ƙaramar mota don ya tare karo, sai ya sami gilashi, inda kan mutane yake.

IRE-IREN ƊAGAWA

Hanya ta farko, wadda ta fi araha, ita ce a cusa zobe na ƙarfe ko na roba mai tauri a saman sifirin, ko a sa dogon maratayi ga sifirin mai faranti. Mota takan hau, amma sifirin da shokozoba na da ne, ba su ƙara ƙarfin ɗaukar kaya ba. In zoben ya yi kauri, ƙafar gaba takan rasa sararin sauka, ta riƙa bugawa a kowane rami.

Ta biyu ita ce a canza sifirin da shokozoba gaba ɗaya, a sa waɗanda aka ƙera tare domin wannan samfurin mota, masu ƙara santimita 4 zuwa 5, watau wajen inci biyu. Ta fi tsada, amma ita ce mai hankali, domin sauran kayan ƙafa suna iya jure wannan gwargwado. A Ostireliya, inda ake da ƙa'ida a rubuce game da gyare-gyaren mota, santimita 5 ita ce iyakar da aka saba bari a ɗaga sifirin ba tare da takardar injiniya ba, ko da yake jihohinsu sun ɗan bambanta.

Ta uku ita ce babbar ɗagawa, inci huɗu zuwa sama. Wannan tana jawo canjin hannuwan ƙafa, da tiyon birki, wani lokaci har da farfela. Aikin masu wasan daji ne, mai zirga-zirgar Kaduna da Abuja ba shi da abin yi da ita.

Ta huɗu ita ce a ɗaga bodi kaɗai daga kan shasi. Inji da shasi suna nan ƙasa, saboda haka cibiyar nauyi ba ta hawa sosai, amma cikin motar bai nisanci ƙasa ba, wurin taya kawai aka samu, kuma sai an taɓa sandar sitiyari, wadda ba abin wasa ba ce.

YADDA ZA A ZAƁA

Da farko mutum ya zauna ya ƙirga, tsakaninsa da Allah, sau nawa cikin motarsa ya taɓa ƙasa a shekarar da ta wuce, kuma wane wuri ne ya taɓa. In bai wuce sau ɗaya ko biyu ba, farantin ƙarfe mai kare ƙarƙashin inji ya ishe shi.

Na biyu, a auna motar daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, a gwada da awon da ta zo da shi. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su na hannu sifirinsu ya riga ya kwanta saboda tsufa da lodi. Irin wannan mota sabon sifirin na asali take bukata, kuma da shi kaɗai za ta koma tsayinta.

Na uku, in har sai an ɗaga, a tsaya a inci biyu, a kuma zaɓi sifirin gwargwadon kayan da motar ke ɗauka kullum. Masu ƙera su sukan kasa su uku: na mota wayam, na matsakaicin kaya, da na kaya mai nauyi. Mutanenmu sun fi son mai ƙarfin, wai ya fi ƙarko. Amma in aka sa shi a a-kori-kurar da bayanta ke wayam, sai ta riƙa tsalle a kan burji, tayoyin baya suna barin ƙasa, ga ciwon baya ga santsi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na huɗu, taya. A ƙara mataki guda kawai, misali daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, wanda bambancinsa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. A ɗauki mai zanen da ya dace da kwalta da burji duka. Mai manyan haƙoran nan ta taɓo ce, a kan kwalta sai ƙugi, in an yi ruwa kuma riƙonta ya ragu. A duba lambobi huɗu na gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta.

Na biyar, a kai aikin ga wanda ya san ƙafar mota. Ko a Ladipo za a sayi kayan, ko Fanteka, ko Ƙofar Ruwa, a nemi waɗanda aka rubuta sunan samfurin motar a jikinsu. A guji sifirin da aka gasa a wuta aka lanƙwasa, da ƙarfen da aka yanka aka yi wa walda. Bayan an gama a yi saitin ƙafa a kan na'ura, a ɗaga motar a ga ko tiyon birki yana ɗamewa in tayoyi sun rataya, a sake saita fitila, a koma a ƙara ɗaure kusoshi bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. A kuma sanar da kamfanin inshora, don kada a zo biyan diyya a sami abin kafa hujja.

Daga ƙarshe, wanda ya ɗaga motarsa ya san ya canza ta, sai shi ma ya canza tuƙinsa. Ya rage gudu a kwana, ya bar rata tsakaninsa da na gaba, kaya masu nauyi su zauna ƙasa, na kan kariya su zama marasa nauyi, kowa kuma ya ɗaura bel, domin in mota ta kife wanda ta watsar waje shi ya fi shiga haɗari. In direba aka ɗauka, a zaunar da shi a gaya masa abin da aka yi wa motar.

Motar da ta maƙale a taɓo, samarin ƙauye da igiya sun isa su fid da ita, a yi dariya a ba su na goro. Wadda ta wuntsila a kan kwalta da gudu kuwa, sai dai a yi ta addu'a. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.