Kallo Miliyan, Aljihu Nawa? Lissafin Waƙa a Waya daga Isa zuwa Sabon Birni

Naira biliyan 58: abin da kamfanin Spotify ya ce waƙoƙin 'yan Najeriya sun samar a manhajarsa a 2024 ke nan. A 2023 biliyan 25 ne, a 2022 kuwa biliyan 11. Duk matashin da yake haɗa baiti a Bafarawa, ko Isa, ko Sabon Birni, in ya ji kuɗi sun ninka fiye da sau 5 cikin shekara 2, dole ransa ya biya.

To amma a bi lissafin a hankali, kada a yi wa rogo kallon kitse. A 2022 matsakaicin canjin hukuma wajen naira 426 ne kan dala ɗaya. A 2023, shekarar da aka saki naira ta nema wa kanta daraja, ya kai wajen 645, a 2024 kuma ya doshi 1,480. In aka raba, biliyan 11 ta zama kamar dala miliyan 26, biliyan 25 ta zama miliyan 39, biliyan 58 ita ma miliyan 39 ɗin ce. Wato tsakanin 2023 da 2024 kusan babu abin da ya ƙaru, naira ce ta faɗi. Kuma a cikin dala biliyan 10 da kamfanin ya biya a duniya a 2024, kason Najeriya bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Wannan ɗan kason ma, wa ya kwashe? Waƙar Rema guda ɗaya, "Calm Down" da ya yi da Selena Gomez, ta haura sauraro biliyan 1 a Spotify tun 2023. Irin waɗannan su ne masu babbar loma, ba don Legas ta fi kowa murya ba, sai don masu sauraronsu suna Turai da Amurka. Spotify ba ya biyan kuɗi ɗaya a kan kowane sauraro. Yakan tara abin da ya samu a kowace ƙasa, ya ware wajen kashi 2 cikin 3, ya raba wa masu haƙƙin waƙa gwargwadon yadda aka saurare su a ƙasar. Da ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, kuɗin wata naira 900 ne, daga baya ya koma 1,300. Ba'amurke kuwa a 2024 dala 11.99 yake biya, kusan naira 18,000. Saboda haka kunnen mutum ɗaya a Amurka ya fi kunnuwan mutum 10 a Sakkwato kawo kuɗi. Mai waƙar Hausa, da yawancin masoyansa suke Arewa da Maraɗi da Damagaram, daga ƙaramar tukunyar ake ɗibar masa.

Akwai kuma wani shinge. Tun Afrilun 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan ko sisi a kanta. Kamfanin ƙididdiga na Luminate ya ce cikin waƙoƙi miliyan 184 da suke manhajojin sauraro a 2023, miliyan 158.6 ba su wuce sauraro 1,000 ba, fiye da miliyan 45 kuwa ko mutum ɗaya bai kunna su ba a shekarar.

YouTube ya fi kusa da Bahaushe, don mu mutanen kallo ne. Kafin ya fara ba ka kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In waƙarka ta minti 5 ce, sai an kalle ta daga farko har ƙarshe sau 48,000, in kuwa mutane suna tsallakewa a tsakiya, kamar yadda aka saba, sai a ninka. A ƙidayar 2006, Isa da Sabon Birni a haɗe suna da mutum sama da 350,000, ka ga a takarda abin ba gagara ba ne. A ƙasa fa? Ka tsaya rumfar mai cajin waya ran kasuwa: wayoyi jere a kan katako, inji yana ƙara, yaro ya miƙa memori da 'yan canjinsa ya ce a zuba masa sababbi. Nan take za a loda masa waƙa 100, da yamma ya tura wa abokansa ta Xender. Waƙar za ta karaɗe gari, 'yan kabu-kabu su yi ta kunna ta, 'yan mata su haddace, amma babu na'urar da ta ƙirga sauraro ko ɗaya. Da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sai ta ƙara wa mai turin waƙa a memori kasuwa.

Duk da haka, wanda ya ce waya ba ta ɗaga mawaƙi ba bai yi adalci ba. A 2020, lokacin kullen korona, matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu "Jarumar Mata", sunan Hamisu Breaker ya shiga gidajen da bai taɓa zato ba. A 2022 "Warr" ta Ado Gwanja ta bi wannan hanya a TikTok, a 2024 kuma "Fatima Mai Zogale" ta Rarara. A kudu, "Love Nwantiti" ta CKay ta fito a 2019, sai a 2021 TikTok ya kai ta duniya. Alƙaluman DataReportal sun nuna manyan da tallar TikTok take iya kaiwa gare su a Najeriya sun tashi daga wajen miliyan 24 a farkon 2024 zuwa sama da miliyan 37 a farkon 2025. Sai dai a lura, Breaker da Gwanja da Rarara duk sun riga sun yi suna a Kano kafin waƙoƙin nan su yi tashe. Kuma tsarin da TikTok yake biyan masu bidiyo gwargwadon kallo a Amurka da Birtaniya da Faransa bai haɗa da Najeriya ba a waɗannan shekarun. Abin da ya rage wa namu shi ne kyautar da masoya suke jefowa in ana shiri kai tsaye, wato liƙi ne ya koma waya.

A ganina, nan ne amfanin abin yake ga mawaƙin Gobir. Ibrahim Narambaɗa, mai kotso, mai "Bakandamiya", bai ci abinci da yawan masu sauraro ba. Fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu ce ta riƙe shi, da doki da riga da hatsi, rediyo da kaset suka yaɗa sunan daga baya. Yau ma kuɗin mawaƙin Hausa yana wurin biki, da taron siyasa, da attajirin da ya sa a yi masa waƙa. TikTok aikin sanƙira yake yi: ya kwarzanta ka har mai biki a Sakkwato ko ɗan Gobir mazaunin Legas ya nemi lambarka.

Matsalar ita ce, a gabashin Sakkwato hanyoyin biyu, biki da waya, duka suna iya toshewa lokaci guda. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, bikin dare da wasan kalankuwa sun ja baya, mai biki yana tsoron tara jama'a. A Satumban 2021 kuma, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. Mai son ɗora waƙa a lokacin, sai dai ya yi tattaki zuwa birnin Sakkwato, ko ya matsa bakin iyaka ya laluɓi sabis ɗin Nijar.