Ƙarin Rumbun Ajiyar Kwamfuta: Shin Farashin Da Ake Yankawa Ya Dace?

GARATU, Jihar Neja. A wannan gari da ke kan hanyar Minna zuwa Bida, kusa da harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, ɗalibai da masu shagunan buga takardu sun dogara da kwamfuta wajen karatu da neman abinci. Idan rumbun ajiyar na'ura ya cika, dole mai ita ya sayi ƙari, kuma a nan ne ake tambaya ko kuɗin da ake karɓa ya yi daidai da abin da aka samu.

Idan aka dubi tarihi, ajiyar bayanai ta yi araha ƙwarai. A shekarar 1956 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko, wanda ya kai girman kabad amma bai ɗauki abin da ya wuce megabait 5 ba. A 2024 kuwa, ana sayen rumbun SSD mai terabait ɗaya, watau gigabait 1,000, a kan ƙasa da dala 100 a Amurka.

Sai dai wannan rahusa ba ta isa ga kowa daidai ba. A cikin wannan shekara ta 2024, kamfanin Apple yana karɓar dala 200 domin ɗaga rumbun MacBook Air daga gigabait 256 zuwa 512. Ke nan kowane gigabait na ƙarin ya tashi a kusan ninki takwas na farashinsa a kasuwa. Dalili kuwa shi ne an liƙe rumbun a jikin allon na'urar, ba a canza shi bayan saye, don haka babu wani mai sayarwa da zai yi gogayya da kamfanin. Masana tattalin arziki suna kiran wannan bambanta farashi: a sauƙaƙa kuɗin ƙaramar na'ura don jawo mai saye, sa'an nan a ci riba mai kauri a kan ƙari.

Abu na biyu shi ne ƙarancin masu ƙerawa. Kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da wannan kasuwa, irin su Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Kioxia na Japan, da Micron na Amurka. Da farashi ya faɗi a 2023, sai suka rage yawan abin da suke ƙerawa har ya farfaɗo. A ƙarshen 2025 farashin ya sake hawa, saboda manyan cibiyoyin bayanai na ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe kayan.

Na uku kuma, wanda ya fi shafar ɗan kasuwar Minna, shi ne kuɗin musaya. Kafin a sakar wa naira mara a watan Yuni na 2023, ana canza dala a hukumance a kan kimanin naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Ƙarin dala 200 da a da yake naira 92,000 ya koma 300,000. Bugu da ƙari, akwai harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, da kuɗin dako daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Saboda haka tsadar da ake gani a shago ba duka ce ribar mai shago ba.

Abin da ya kamata mai saye ya yi shi ne ya raba farashi da yawan gigabait, ya kwatanta. Ya tambaya ko rumbun na'urar ana cire shi kafin ya biya. Idan terabait ɗaya ya nuna 931 a Windows, wannan bambancin lissafi ne kawai, ba ha'inci ba. Amma ya yi hattara da filas na jabu masu nuna girman da ba su da shi, domin araha ba ta ado: wanda ya ajiye lissafin shagonsa a cikinsu yana iya wayar gari babu komai.