Itacen Bedi

A ƙasar Daura, idan bazara ta tsaya, rana takan yi zafi ƙwarai. Ciyawa ta bushe, yawancin itatuwan daji sun kaɗe ganyensu, rairayi kuwa ba ya takuwa sai da takalmi. Amma duk da haka akwai wani itace da ya ke tsaye kore shar a bakin hanya, da filin makaranta, da kasuwa, da ƙofar gida. A gindinsa 'yan talla su ke sauke farantansu, a nan kuma dattawa su ke shimfiɗa tabarma bayan azahar. Mutanen Daura da Katsina suna kiransa bedi. A Kano a kan ce darbejiya, waɗansu su ce dogon yaro, waɗansu kuma maina. Duk itace ɗaya ne.

Bedi baƙo ne a ƙasar Hausa. Kuka da tsamiya da gawo sun riga shi zama da nisa. Asalinsa daga wajen Indiya ya ke. A zamanin mulkin Turawa aka kai shi Gwalkwas, watau ƙasar da a ke kira Gana yanzu, daga can aka kawo shi lardin Barno cikin shekarar 1928. Da ma'aikatan gandun daji suka ga yana jure fari, yana kuma girma da sauri, sai suka yi ta renonsa suna raba wa garuruwa. Tsuntsaye da jemagu su ma suka taimaka, gama sukan sha 'ya'yansa su ya da ƙwallon a wani wuri, ya tsiro. Ta haka ya game ƙasa, har ya zama ɗan gari. Mahajjata ma sukan tarar da shi a filin Arfa, inda aka dasa dubbai domin inuwa.

Kowace ƙasa da irin itacen da ta ke ƙawata garuruwanta da shi. A Amurka, cikin duwatsun jihar Kolorado, akwai wani da a ke kira sifurus mai shuɗi. Ganyensa siriri ne kamar allura, launinsa shuɗi-shuɗi, siffarsa kuwa kamar jinkar ɗaki, ƙasa da faɗi, sama da tsini. A shekarar 1892 'yan makarantar jihar suka zaɓe shi ya zama itacen jiharsu, hukuma ta tabbatar da zaɓen a 1939. Amma shi sanyi ya ke so, da ƙanƙara. Da za a kawo shi Daura, bazara ɗaya ta ishe shi. Saboda haka mai hankali yakan duba ƙasarsa tukuna, sa'an nan ya zaɓi abin da zai dasa.

Gane bedi ba shi da wuya. Da fari a dubi ganyen. Sanda ɗaya siririya takan ɗauki ƙananan ganyaye jere dama da hagu. Kowane ɗaya ya ɗan tanƙware kamar lauje, gefensa da haƙora kamar zarto, bakinsa da tsini. In an tauna shi, ɗaci ne da shi ainun. Furensa fari ne, ƙanana, yana da ƙanshi, musamman da maraice. 'Ya'yansa ba su kai dabino girma ba. Suna kore tun suna ɗanyu, in sun nuna su koma rawaya, da ƙwallo ɗaya a ciki. Babban bedi yakan kai tsawon mita 15, wani har 20.

Yara sukan rikita shi da maɗaci, da ya ke dangi ne, kuma dukansu da ɗaci. To, ga bambancinsu. Gefen ganyen maɗaci sumul ya ke, ba haƙora. 'Ya'yan maɗaci kuma ƙoƙo ne mai tauri kamar katako, in ya bushe ya tsage, iri ya zubo. Wanda ya riƙe waɗannan alamu biyu ba zai sake kuskure ba.

Mai son shuka bedi sai ya tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ya wanke su da ruwa har ƙwallon ya fita fes, ya shanya a inuwa. Kada ya ajiye su su daɗe, gama irin bedi yakan mutu cikin 'yan makonni kaɗan. Ya cika leda ko tsohon gwangwani da ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen taki, ya huda gindin domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, ya binne ƙwallon kamar zurfin gaɓar yatsa. Ya ajiye a inuwa, yana yayyafa ruwa safe da yamma. Kafin mako uku sai ya ga tsiro.

Ba a dashe sai damina ta zauna sosai, watau wajen watan Yuli, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. A haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, a zuba taki. A yage ledar a hankali, kada ƙasar da ke jikin saiwa ta warwatse. A sa dashen a tsakiya, a mai da ƙasa, a danna. Amma a kula da wuri. Saiwar bedi tana tafiya nesa neman ruwa, don haka ba a dasa shi dab da katanga ko rijiya. Ba ya kuma son fadama inda ruwa ya ke kwanciya. In jere za a yi a bakin hanya, sai a bar kamar mita 6 tsakanin wannan da wancan, domin kowane ya sami wurin buɗe rassa.

Dashe ba shi ne ƙarshen aiki ba. Da yawa a kan dasa da damina, kafin wata damina babu ko ɗaya, domin an bar su ba mai kula. Da rani, in ciyawa ta ƙare, akuya ba ta ƙin ɗaci. Sai a kewaye dashen da ƙaya ko tubali, a riƙa ba shi ruwa sau biyu a mako har raninsa na fari ya wuce. In ya karkace a kafa masa sanda a ɗaure, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Bayan shekara uku zuwa biyar zai fara 'ya'ya, ya kuma ba da inuwa.

Amfaninsa ya wuce ado. Da reshensa a ke yin asuwaki. Manoma sukan sa busasshen ganyensa cikin hatsi domin korar ƙwari. Daga ƙwallonsa a ke matso mai a yi sabulu, katakonsa kuwa gara ba ta cika cinsa ba. Waɗansu sukan dafa ganyen su sha don zazzaɓi, amma yaron da zazzaɓi ya kama asibiti ya kamata a kai shi.

Babban aikinsa shi ne tare iska. Ƙasar Daura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, ruwan sama kaɗan ne, ƙasar kuwa rairayi ce. A wajen Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, inda aka sare itatuwa, iska takan kwashe ƙasar gona mai kyau, ta binne shuka da yashi. Inda aka jera itatuwa kuwa, sai ƙarfinta ya karye. Don wannan ne ƙasashen Afirka suka amince a shekarar 2007 su kafa doguwar katanga ta itatuwa a bakin hamada, jihar Katsina tana cikin inda aikin ya ratsa. Makarantar da kowane yaro ya dasa bedi ɗaya, ya rene shi har ya gama aji shida, ita ma ta sa nata tubalin a wannan katanga.

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa aka kawo bedi lardin Barno, a wace shekara?
2. Yaya a ke bambanta bedi da maɗaci?
3. Don me ba a ajiye irin bedi ya daɗe?
4. Me ya sa sifurus mai shuɗi ba zai rayu a Daura ba?
5. A tsinko ganyen bedi ɗaya, a zana shi cikin littafi.