Kalsiyam da Bugun Zuciyar Dabba: Tsakanin Magani da Dafi

1.0 Gabatarwa

Unguwar Kilomita Biyar ita ce cibiyar kasuwancin birnin Bangi, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma Hausawa da Fulani sun daɗe suna ciniki a cikinta. Makiyayin da ya sayi allurar shanu a irin wannan kasuwa, yawanci shi ne likitan garkensa. Wannan takarda za ta bayyana yadda wasu magunguna ke ƙarfafa ko raunana bugun zuciyar dabba ta hanyar sinadarin kalsiyam.

2.0 Aikin Kalsiyam a Zuciya

A shekarar 1883, Sydney Ringer, wani likita a Landan, ya gano cewa zuciyar kwaɗo da aka cire tana ci gaba da bugawa in akwai kalsiyam a ruwan da aka sa ta, in babu sai ta tsaya. Dalili kuwa shi ne, a kowane bugu ƙananan ƙofofi kan buɗe a jikin ƙwayoyin tsokar zuciya, kalsiyam kaɗan ya shiga. Wannan kaɗan ɗin shi ke buɗe rumbun kalsiyam da ke cikin ƙwayar. Idan ya yawaita, zaren tsoka ya tsuke, jini ya fita. Daga nan sai a mayar da shi rumbu, tsoka ta saki, zuciya ta sake cika.

3.0 Rukunan Magunguna

Rukuni na farko suna tara kalsiyam cikin ƙwaya. Misali shi ne kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa ke haɗa dafin kibiya da 'ya'yansa. Sinadarinsa yana toshe famfon da ke fitar da sodiyam, wannan kuma ya rage fitar kalsiyam. Kaɗan daga ciki na ƙara ƙarfin bugu. Da yawa kuwa sai bugun ya rikice, zuciya ta sandare. Maganin digoxin haka yake aiki, kuma tumfafiya na ɗauke da dangin wannan sinadari.

Rukuni na biyu, kamar verapamil da diltiazem, suna rufe wasu daga cikin ƙofofin shiga, sai bugu ya ragu, ƙarfinsa ma ya sassauta.

Rukuni na uku ba sa ƙara yawan kalsiyam, sai dai su sa tsoka ta fi amsa kiransa. Irin su ne pimobendan da ake ba karnuka masu raunin zuciya.

4.0 Abin Lura ga Makiyayi

Oxytetracycline, allurar da makiyaya suka saba da ita, tana kama kalsiyam na jini. In an tura ta jijiya da sauri, saniya na iya faɗuwa nan take. Haka kuma ruwan kalsiyam da ake ba saniyar da ta kasa tashi bayan haihuwa: a hankali yana tayar da ita, da gaggawa yana iya tsayar da zuciyarta.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa abin da ya raba magani da dafi shi ne awo da saurin bayarwa. Don haka ya kamata a nemi shawarar malamin dabbobi kafin a taɓa jijiya.