Aiki daga nesa: Me ke riƙe tawaga ranar da komai ya rikice?

A watan Oktoban 2024 aka haɗa mu mu shida a rukuni guda, aka ba mu aikin bincike mai maki 20 a wani darasi na jami'a. Ukunmu a makaranta suke kwana, sauran daga gida suke zuwa. Sai muka tsara cewa duk ranar Talata mu haɗu ido da ido, sauran kwanakin kuwa kowa ya yi nasa ɓangaren ya tura wa shugaban rukuni ta WhatsApp.

Ana cikin haka manyan layukan da ke kawo wa Arewa lantarki suka samu matsala, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Shagunan masu cajin waya suka cika maƙil, a cikin wannan cinkoso kuma wayar shugabanmu ta yi ɓatan dabo. A nan ne hankalinmu ya tashi, domin cikakken aikin da aka haɗa aka gyara a wayar nan kaɗai yake, ga shi saura kwana huɗu a miƙa. Muka shiga zargin juna, biyu daga cikinmu har suka daina gaisawa. Daga ƙarshe abin da muka harhaɗa cikin gaggawa maki 11 ya samo mana.

Ƙannenmu na sakandare, mun kawo muku wannan labari ne saboda irin aikin da ke jiran da yawa daga cikinku ke nan. Tun bayan kullen korona na 2020, ma'aikatu da yawa a duniya suka koma aiki daga gida, wasu kuma rabi da rabi: wasu ranaku a ofis, wasu a gida. Mai neman irin wannan aiki ba ƙwarewa kaɗai ake so a gare shi ba, ana so a ga yadda yake yi idan abubuwa sun cakuɗe.

Ranar da GitLab ya goge bayanansa

GitLab kamfani ne da masu rubuta manhajar kwamfuta ke ajiye aikinsu a shafinsa. Ma'aikatansa ba sa haɗuwa a ofis, suna warwatse a ƙasashe da dama. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu da ke aiki cikin dare ya yi kuskure ya goge bayanai kimanin gigabait 300 daga babbar na'urar kamfanin, yana zaton wata na'urar yake taɓawa. Da aka je ɗauko ajiyar ko-ta-kwana, sai aka tarar hanyoyin da suka tanada ba sa aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan.

Abin koyi shi ne yadda suka ɗauki lamarin. Injiniyan bai ɓoye ba, nan take ya sanar da abokan aikinsa. Kamfanin ya buɗe takarda a intanet yana rubuta halin da ake ciki, har ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube. Ba a kori wanda ya yi kuskuren ba. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce: wane irin tsari muke da shi da har kuskuren mutum ɗaya zai jawo wannan ɓarna? Mu kuwa a rukuninmu, kwana biyu muka ɓata muna neman mai laifi.

Kada makulli ya zauna a hannu ɗaya

Laifinmu na farko ke nan. Yanzu duk aikin rukuni da muka shiga, a Google Docs muke sa shi inda kowa zai iya buɗewa, kuma mutum biyu suna sauke kwafi a wayoyinsu kowane mako. Darasin GitLab ya ƙara mana abu guda: ajiyar da ba a taɓa gwada buɗe ta ba, ba ajiya ba ce.

Abin da aka yanke, a rubuta

A tsarin rabi da rabi, wanda bai halarci zama ba shi ake bari a baya. Mu da muke haɗuwa a makaranta mukan canza shawara a bakin aji, wanda ke gida bai sani ba, sai ya yini yana aikin da aka riga aka soke. Maganin abin layi uku ne bayan kowane zama: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe. Rubutu ya fi saƙon murya na minti bakwai, domin ba ya cin data kuma ana iya nemo shi.

A tanadi hanya ta biyu

A ranar 14 ga Maris 2024, wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi rauni a Najeriya, Ghana da wasu ƙasashe. Ba wuta kaɗai ke ɗaukewa ba ke nan. Tun ranar farko ku amince da abin da za a yi idan intanet ya tsaya: saƙon tes, kira, ko lambar wani a gidanku.

A tambayi mutum kafin a tambayi aiki

Idan ɗan rukuni ya yi shiru, daga nesa ba ka ganin dalili. Wata ƙawarmu da muka ɗauka lalaci ne ya hana ta turo nata, ashe jinyar mahaifiyarta take yi. Da mun kira mun ce "lafiya kuwa?", da mun raba aikinta tun da wuri. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, yau kuma wani ɓangarensa a waya yake. Inda mutum ya san ba za a ci masa fuska ba, da wuri yake cewa "na kasa" ko "na yi kuskure", tun gyara yana da sauƙi.

Ba sai kun shiga jami'a za ku fara ba. Ku da ke da rukunin bitar WAEC, NECO ko JAMB, ku tambayi kanku a wannan makon: idan wayar mai kula da rukuninmu ta ɓata yau, karatunmu zai ci gaba gobe? Idan amsar a'a ce, kun san inda za ku fara gyara.