Vincennes: Filin Tseren da Ake Korar Doki Idan Ya Yi Sukuwa

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, mu a nan idan aka ce tseren dawaki, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mahayi ya saki linzami, doki ya zuba sukuwa, ƙura ta tashi. To akwai wani fili a gabashin birnin Paris na ƙasar Faransa inda sukuwa laifi ce. Sunansa Vincennes.

A wannan fili, a yawancin tsere ba hawan dokin ake yi ba. Ana ɗaura masa wani ɗan keke mara nauyi mai taya biyu, matuƙi ya zauna a kai yana riƙe da dogon linzami. Dokar ita ce dokin ya yi sassarfa kawai, wato ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su tashi tare, sannan sauran biyun su biyo. Duk dokin da ya ɓalle ya kama sukuwa, alƙalai za su fitar da shi, ko da kuwa shi ne a gaba. Kada ku raina sassarfar nan: gwanayen dawaki na cin kilomita ɗaya cikin kusan minti 1 da daƙiƙa 11, wato gudun kusan kilomita 50 a awa.

An buɗe filin a shekarar 1863. Yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870 ya lalata shi, aka sake gina shi a 1879, daga nan ya zama gidan tseren sassarfa. Babbar hanyar tserensa ta kusa kilomita 2, baƙa ce wuluk saboda an shimfiɗe ta da tokar gawayin kwal. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne tana da gangara da hawa. Matuƙin da ya ƙure dokinsa a gangara, zai ga ana wuce shi a hawa.

Gasar da ta fi kowace girma ita ce Prix d'Amérique, wadda aka fara a 1920 don gode wa Amurka kan taimakon da ta ba Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana yin ta ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, cikin tsananin sanyi, a nisan mita 2,700, kuma kuɗin kyautarta ya kai Yuro miliyan 1. A watan Fabrairu sai Prix de France mai mita 2,100, wadda ke gwada zafin nama, sannan Prix de Paris mai mita 4,150, wadda ke gwada juriya. Dawaki huɗu ne kacal suka taɓa haɗa ukun a shekara guda: Gélinotte, Jamin, Bellino II, da Bold Eagle a 2017. Akwai kuma Prix de Cornulier, mako guda kafin Prix d'Amérique, inda ake hawa dokin da sirdi, amma dokar sassarfa tana nan.

Dokin da ya fi suna a tarihin filin shi ne Ourasi. Faransawa sun yi masa laƙabi da "malalacin sarki", domin ba ya wahalar da kansa sai an kusa ƙarshe. Ya ci Prix d'Amérique a 1986, 1987 da 1988. A 1989 ya zo na uku, aka fara cewa tsufa ya kama shi. Sai ga shi a 1990, yana ɗan shekara 10, ya ci karo na huɗu. Har yau babu dokin da ya kamo shi, kuma mutum-mutuminsa na tsaye a filin.

Abin lura a nan shi ne, duk doki ya iya sukuwa tun yana ɗan duƙushi. Abin da ake shekaru ana koya masa shi ne ya yi sauri ba tare da ya karya doka ba, alhali 'yan kallo na ihu, abokan tsere na matsa masa. Mu ma jarrabawa na tafe. Wanda ya yi satar amsa ya zo na ɗaya, daidai yake da dokin da ya yi sukuwa a Vincennes: ya riga kowa isa, amma an soke sunansa.