Kafin A Yi Wa Tsohuwar Fijo Sabon Kaya, A Fara Sanin Gatarinta

Duk wanda ke bin hanyar da ta tashi daga Wudil zuwa Gaya, ko ya ratse ya nufi Ajingi da ƙauyukanta, zai lura cewa Fijo 504 ta ja baya ƙwarai. Golf da Sharon sun karɓe fasinja, Hijet da babura masu ƙafa uku sun karɓe ƙananan kaya. Duk da haka ba ta ƙare ba. Ranar kasuwa har yanzu akan ga akori-kura ta doso daga wajen Kademi ko Toranke, ta sha buhunan gero da dawa da wake, ko kuma ta ɗauko tumaki zuwa kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Masu irin waɗannan motoci sun yarda da maganar nan ta Hausawa cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma da yawansu da motar suke ci da iyali.

Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, hankalinsu ya koma kan yadda za su rage wa motar shan mai, su kuma ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Wani ya sauya inji, wani ya sa giyabos mai giya biyar, wani ya sa manyan tayoyi, wani kuma ya ƙara ganyen sifirin. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, ana kashe kuɗin ne tun ba a san wane irin gatari ke ƙarƙashin motar ba, alhali shi ne zai nuna ko gyaran zai yi amfani ko zai zama asara, wani lokaci ma har da ta rai.

Gatarin baya, wanda kanikawa ke kira bak-aksul, shi ne zangon ƙarshe da ƙarfin inji ke bi kafin ya isa ƙasa. Inji yana juya giyabos, giyabos yana juya farfela, farfela kuma tana shiga wata tukunyar ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun baya. A cikin tukunyar akwai ƙaramin faifai mai haƙora da ke juya wani babba, daga nan ƙarfin ya rabu biyu, ya bi sanduna biyu zuwa tayoyi. Akwai kuma wasu ƙananan haƙora da ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota ta sha kwana.

Matsalar ta samo asali ne daga tarihin motar kanta. An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe lambar gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 direban nan ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka da ita, abin da ya ƙara mata suna a wannan nahiya. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da fitar da 504 a can fiye da shekara 20 bayan an daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983. A tsawon wannan lokaci suna ɗaya motar ke amsawa, amma gatarinta ba ɗaya ba ne. A yawancin salun, tukunyar tana ɗaure ne a jikin mota, kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai. Wagon tana da gatari sandararre da ya haɗa ƙafafun biyu, yana zaune a kan sifirin mai naɗi guda huɗu. Akori-kura ma sandararre gare ta, sai dai nata a kan sifirin mai ganye yake. Ga kuma yayarta 404, wadda salun ɗinta ta zo da wani tsari na daban mai faifan tagulla.

Bayan wannan bambanci na asali, sai kuma na hannun mutane ya biyo. Motar da ta shekara 30 ko 40 a kan burji da rairayi ta bi ta hannun masu ita da yawa da kanikawa da yawa. Duk lokacin da gatari ya lalace, akan tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗauko wanda aka samu, a ɗaura in ya shiga, in bai shiga ba mai walda ya shigar da shi. Saboda haka takardun mota da lambar jikinta suna ba da labarin yadda ta fito daga Kaduna ne kawai, ba sa cewa komai game da abin da ke ƙarƙashinta yau. Tukunya biyu na iya yin kama daga waje har a kasa rarrabe su, amma kama da wane ba ta wane.

Babban abin da ke raba su shi ne yawan haƙoran da ke ciki. A dangin 504 akwai gatarin da ƙaramin faifansa ke da haƙora 9, babban kuma 35, wato sai farfela ta yi juyi 3.89 kafin taya ta yi ɗaya. Akwai kuma mai haƙora 8 da 39, wanda ke buƙatar juyi 4.88. Na farko na gudu ne a kan kwalta, na biyu na jan kaya ne. Mu ɗauka kewayen taya mita 2 ne. Idan mota na tafiyar kilomita 100 a sa'a a giya ta huɗu, tayar na juyi kimanin 830 a minti. Da gatarin farko inji zai riƙa juyi kusan 3,240, da na biyu kuwa sama da 4,000. Bambancin ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, a mota ɗaya, da inji ɗaya, a kan hanya ɗaya.

Daga wannan lissafi mai karatu zai ga inda asarar take. Direban wagon da ke jigilar fasinja tsakanin Gaya da Kano, idan an taɓa ɗaura masa gatarin jan kaya bai sani ba, injinsa zai yi ta kuka yana shan mai, shi kuma ya ɗora laifin a kan kafireto ko tsufan inji. Mai akori-kura kuma da aka sa wa gatarin gudu, da zarar ya yi lodi ya sauka kwalta ya shiga rairayin hanyoyin Ajingi, sai motar ta kasa tashi, ya yi ta ƙona kuloci. Idan ya ƙara da manyan tayoyi, ya ƙara wa kansa wahala, domin babbar taya tana ƙara rage ƙarfin ja. Sannan ga maleji, wanda daga giyabos yake ɗaukar lissafinsa. Motar da aka tsara malejinta don 4.88, idan aka sa mata 3.89, allura za ta nuna 80 alhali ana gudun 100.

Na san wani direba a yankinmu da ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya sayi inji na gwanjo, don kawai akori-kurarsa ba ta jan kaya. An ɗora injin, motar ta ci gaba da halinta. Sai daga baya wani dattijon bakanike ya buɗe tukunyar ya ƙirga haƙora, aka ga gatarin gudu ne wani ya ɗaura mata tun kafin ta zo hannunsa. Tsohon injin lafiyarsa ƙalau, damina kuma ta same shi ba shanu.

Binciken da zai hana irin wannan ba ya buƙatar na'ura. Matakin farko shi ne a duƙa a duba: tukunyar a jikin mota take ɗaure ko a tsakiyar gatari sandararre? Sifirin mai naɗi ne ko mai ganye? Birkin baya na faifai ne ko na kwano? Noti nawa ke riƙe da ƙafa, tunda salun ta 404 uku gare ta, ta 504 kuma huɗu? A duba ko akwai alamar walda a inda sifirin ke zama, domin ita ce shaidar farko cewa gatarin baƙo ne. A wanke tukunyar da kananzir, a rubuta duk lambar da aka gani a jikinta.

Mataki na biyu shi ne ƙirga juyi. A yawancin Fijo farfela tana cikin bututu, ba a ganinta, saboda haka ta gaban inji ake bi. A tokare ƙafafun gaba da weji, a ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak a bar ɗayar a ƙasa, a cire kan batir da fulogogi, a sa giya ta huɗu, wadda a giyabos na asali take juya farfela daidai da juyin inji. A yi alama da alli a jikin taya da kuma faifan gaban inji da ke jan fambel. Mutum ɗaya ya riƙa juya faifan da sifana yana ƙirgawa, wani yana ƙirga juyin taya. Idan taya ta cika juyi 20, faifan zai kasance ya yi kusan 39 ko kusan 49, ko wani adadi a tsakani. A raba adadin gida goma, an sami lissafin gatarin. In kuwa za a buɗe tukunya, ƙirga haƙoran ya fi komai tabbas.

Mataki na uku ya shafi mai. A ɗaga ƙafafun baya duka biyu, a juya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya ta kishiyar hanya, gatari ne na yau da kullum. Idan ta bi ta hanya guda, to mai hana santsi ne, kuma yana da irin mansa. Haka nan gatarin 404 mai faifan tagulla, wanda wasu nau'o'in man giya masu sinadarin farar wuta ke cinye shi sannu a hankali. Galan ɗaya na man da bai dace ba ya isa ya kashe abin da ya shekara 50 yana aiki.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarin ganyen sifirin. An ƙera akori-kurar 504 don ɗaukar tan ɗaya da 'yan kai, wato buhu goma zuwa goma sha biyu masu kilo 100. Ƙarin ganye yana hana bayan mota durƙushewa, sai direba ya ɗauka ta ƙara ƙarfi, ya ninka lodi. Amma sandar gatari da boris da birki suna nan yadda suke. A ƙananan motoci irin waɗannan, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, idan ta karye ƙafa na iya ficewa ana cikin tafiya. Kowa ya san a ranar kasuwa a kan buhunan nan mutane ke zama, mata da yara a cikinsu. Wanda bai san ko gatarinsa na akori-kura ne ko na wagon da aka yi wa walda ba, bai san iyakar abin da ya halatta ya ɗora masa ba.

Wani zai ce tsofaffin kanikawanmu da ido suke gane waɗannan abubuwa, ba su jira malamin jami'a ya koya musu ba. Gaskiya ne, kuma ni ma a wurinsu na ji mafi yawan abin da na rubuta a nan. Sai dai waɗanda suka koyi aiki a zamanin da Fijo ke mulkin hanya suna ta raguwa, yaran da ke tasowa a gareji kuma a kan Golf da babura suke koyo, motocin da ba su da irin wannan gatari. Ilimin yana cikin kawunan 'yan dattawa, ba a rubuce yake ba, kuma littattafan kamfani da Faransanci da Turanci suke, ba sa magana a kan motar da aka yi wa aure da kayan wata.

A nan ne nake ganin nauyi ya hau kanmu masu boko. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil tana maƙwabtaka da Gaya da Ajingi, tana kuma yaye ɗaliban injiniya da ke neman batun binciken kammala karatu. Me zai hana wasunsu su zauna da ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi, su auna gatura iri-iri da ke yawo a yankin, su fitar da 'yar takarda da Hausa mai hotuna da lissafin haƙora da irin man kowanne, a liƙa ta a gareji da tasha? Gaya ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Labarin gargajiya ya ce maƙeranta ne suka ƙera wa Bayajida wuƙa, ya kuma ce daga cikinsu aka sami wanda ya je Dutsen Dala neman tama. Garin da ke da wannan gado bai kamata ya bar sanin ƙarfe ya tafi tare da dattawansa ba.

Ga masu motocin kuwa, shawarata gajeriya ce. Kafin ka sayi inji ko giyabos ko taya, ka ware rabin yini da jak da alli da bakaniken da ka amince da shi. Ka rubuta abin da kuka samu, ka ajiye tare da takardun mota, in ka tashi sayarwa ka miƙa wa mai saye, domin ɓoye masa aibin da ka sani ha'inci ne. Idan za ka Ƙofar Ruwa, ka tafi da lissafin haƙoranka, ka ƙirga na wanda za a ba ka kafin ka biya. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'ar masu nema.